Takardar da Ta Ambaci Sunana

Ni ban iya karatu ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Shekara goma sha biyu na yi ina dillancin raƙuma a kasuwar Gure, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya san yadda mutum ke jera magana in yana so ya liƙa maka gurgu. Zai fara da yabon uwar raƙumin, ya rantse tun ba a ce ya rantse ba, sannan ya tsaya daidai ƙafar da ba ya so ka duba. Shi ya sa ranar da ƙanena Illa ya shigo zauren Bulama Aisami da takarda naɗe a tsumma, yana takawa a hankali, fuska a sunkuye, na ce a raina, to, yau an kawo gurgu kasuwa.

Mahaifinmu, Abarshi, ya tashi zuwa Makka da ƙafa shekara tara kafin wannan rana, tun kafin shekarar da fara ta cinye gero. Da zai tafi ya bar mini riƙon kwarinmu da ke gabas da gari, dabino sittin da uku da rijiya biyu. Na bar dillanci na koma can. Ni na yi ta kafa shinge ina tare rairayi kada ya binne ƙananan, ni na yi ta hawa ina ɗaura wa matan dabinon furen namiji har ƙaya ta gama da tafin hannuna. Illa kuwa yana bin ayarin kanwa zuwa kudu, ya dawo da turare da labari, ya ci dabino ya tofar da ƙwallo a inda na share.

Bulama ya sa aka kira Malam Isa, wanda ke karanta wa gari takardu. Dattawa bakwai suka zauna. Malam ya warware tsumman, ya kai takardar bakin ƙofa wajen haske, ya karanta:

"Daga Abarshi, wanda ke zaune a ƙasar Sudan, zuwa ga Bulama da dattawan gari, da ɗana Illa, da Ibram. Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya yi nisa. Bayan gaisuwa, ku sani na tsufa, ku sani idona ya rage, ku sani ba zan komo ba. Wa ya dasa dabinon kwari? Ni na dasa. Wa ya haƙa rijiyoyin? Ni na haƙa. To, na ba Illa su kyauta, ina raye, ina da hankalina. Ibram ya sauka daga kansu. Ibram ya ci shekara tara, ya isa. Kada Ibram ya ce ban faɗa ba. Na yi haka ne don Ibram ya nuna mini ba ya bukatar uba."

Ni ne Ibram ɗin, kuma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙeya. Na ce, "Allah gafarta Malam, a sake." Ya sake. Na ce a sake. Ya dube ni, ya sake na uku. Da ya kai ƙarshe, takardar ta riga ta zauna a kaina daram.

Sai Illa ya gyara zama, ya nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ba na son komai. Wallahi da za a bar ni, da na ƙona takardar nan tun a kasuwar Bune inda aka ba ni ita. Amma mu da muka san haƙƙin iyaye, ya za mu yi? Akwai wanda zai ji maganar ubansa a cikinmu ya take? Akwai wanda zai so a gaya wa tsoho a can nesa cewa garinsa ya jefar da maganarsa? Innarmu tana kabari, ba ta ga wannan rana ba, alhamdu lillahi. Ni dai ba don dabino nake ba." Ya kai hannun riga ya share ido.

Dattawa suka shiga gyaɗa kai, wani har yana cewa "Allah sarki." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an ba ni dama zan kwance wannan kaya a gabanku, ku ga abin da ke ciki."

Bulama ya ce in yi.

Na ce, "Ya fara da cewa ba ya son komai, ya ƙare da cewa ba don dabino yake ba. Wanda ba ya son abu ba ya faɗa sau biyu. Ya rantse, alhali ba wanda ya ce masa ƙarya yake. Ya ce 'mu da muka san haƙƙin iyaye', ya ja ku ya zaunar a tabarmarsa, ya bar ni ni kaɗai a waje, tun ban buɗe baki ba. Ya yi muku tambaya biyu da ba Musulmin da zai amsa da i, don ku saba da ba shi gaskiya kafin a zo ga ainihin magana. Sannan ya ɗauko Inna daga kabari. Me ya haɗa Inna da dabino? Ya kawo ta ne don idonku ya cika da hawaye ku kasa duba takardar. Ni na sayar da raƙuma da irin wannan magana, na san ta."

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Illa.

"Rufe mini baki, ban gama ba."

Na ciro 'yar jakar fata daga wuyana. A ciki akwai takardu biyu da Baba ya aiko a shekarun baya, ɗaya daga Abashe, ɗaya daga Sudan inda ya tsaya tsinkar auduga don ya sami guzurin ƙarasa hanya. Na miƙa wa Malam Isa ta farko. Gajeruwa ce, ya karanta ta da numfashi biyu:

"Daga Abarshi. Na iso Abashe lafiya. An yi ruwa? A yashe rijiyar kudu kafin zafi. Kada a bar awaki su shiga ƙananan dabino. A gaya wa wancan ya kula. A gai da Illa da mutan gida."

Ta biyu ma haka take, ruwa, rijiya, awaki, wancan ya kula.

Na ce, "To, kun ji Abarshi. Dukanku kun zauna da shi. Yaushe kuka taɓa jin ya tambayi lafiyar mutum kafin ya tambayi ruwan sama? Wannan sabuwar takarda ba ta tambayi damina ba ko sau ɗaya. Yaushe kuka ji Abarshi ya faɗi dalili? In ya ce a yi, a yi ne, ka tambayi dalili ka sha mari. Wannan tana cewa 'na yi haka ne don'. Yaushe kuka ji ya jera magana uku-uku, ku sani kaza, ku sani kaza, ku sani kaza? Yaushe ya yi tambaya ya ba kansa amsa, wa ya dasa, ni na dasa? Wannan maganar kasuwa ce. Maganar mai talla ce, irin wadda kuka ji yanzu daga bakin wannan."

Malam Isa ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ibram, kada a yi gaggawa. Mahaifinka ba ya rubutu da kansa. Kowace takarda da malamin da ya rubuta ta, kuma wani malamin yana son ado. Mai yiwuwa tsoho ya faɗi kalma goma, marubuci ya mayar da su talatin."

"Na yarda, Malam. Marubuci yana ƙara gaisuwa, yana ƙara addu'a. Amma akwai abin da ba zai ƙara ba. Ni ne ɗan farin Abarshi. Shekarata arba'in da ɗaya. Wa ya taɓa jin sunana a bakinsa, a cikinku?"

Kowa ya san yadda abin yake a wajenmu: uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Baba kuwa ya fi kowa riƙe wannan. Ni "wancan" ne, ko "kai can". Ranar da na faɗo daga dabino ina saurayi, ƙafata ta karye, ihu ya yi yana cewa a zo a ɗauki wancan. Har wani Ibram mai jima da ke unguwarmu, Baba "mai fata" yake ce masa, don kada sunan ya fita daga bakinsa.

Na ce, "Takardar nan ta ambaci sunana sau biyar. Na ƙirga. Wanda ya shirya ta yana so ya tabbata ba a yi kuskuren wanda za a kora ba, sai ya manta bakin wa yake aro."

Kai, da ka ga zauren! Wanda ya ce "Allah sarki" ɗazu ya juya yana hararar Illa. Wani ya ce, "Gaskiya ne, Abarshi ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya." Bulama ya shafa gemu ya ce, tunda akwai shakka, kwari ya zauna a hannun wanda yake hannunsa, har Allah ya kawo wani labari.

Da na yi shiru a nan, da har yau ina hawan dabinona. Amma nasara ta hau mini kai. Ban so Illa ya fita da sauran mutunci ba, so nake a kira shi maƙaryaci a gaban kowa, ya bar garin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a gama ba. Ya ce an ba shi a kasuwar Bune. Wa ya ba shi? A kawo mutumin, in akwai shi."

Illa ya ce Alhaji Fannami ne, wani Bamange na Gamu da ya dawo daga gabas bana. Na yi dariya na ce a kawo shi ko a kan jaki ne, ni zan ba jakin dusa.

Bayan kwana takwas, da hantsi, muka sake zama. Wannan karon har ƙofar zaure ta cika, don ni da kaina na bi gida-gida ina gayyata. Alhaji Fannami tsoho ne siriri, hanya ta cinye shi, Hausarsa tana da nauyin Manganci. Bai dubi kowa ba sai da ya gama gaida Bulama. Sannan ya ce, "Wane ne babban?" Aka nuna ni. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, kallon da ban so ba.

Ya ce shekara huɗu suka yi bukka ɗaya da Abarshi a gonakin auduga. Ya ce yana zaune aka rubuta takardar, a gabansa aka naɗe ta. Na tashi zan yi magana, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Abarshi ya san za ka musa. Ya ce in ka musa, in ba da wannan." Ya zaro wata takarda daga cikin hularsa, ta yi baƙi don shafa, ta kusa rabuwa a wajen ninki.

Malam Isa ya karɓa, ya duba, ya ɗago kai. Ya ce, "Wannan ai hannuna ne."

Akwai abin da ban gaya muku ba. Shekara uku kafin nan wani matafiyi ya kawo labari cewa Baba ya gaji, yana tunanin juyowa gida ko da bai kai Makka ba. Ban yi murna ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na saba da zama maigida. Na saba in ce a yi, a yi. Tunanin in koma "wancan", a gaban matata da 'ya'yana, ya hana ni cin tuwo. Ba zan iya ce wa ubana kada ya dawo ba, wa zai iya? Sai na kwana biyu ina shirya magana, na je na zauna gaban Malam Isa na faɗa masa ya rubuta. Shi kansa a lokacin yabawa ya yi, ya ce bai taɓa rubuta takardar ɗa mai ladabi kamar wannan ba.

Bulama ya ce a karanta. Malam ya karanta, muryarsa a ƙasa:

"Zuwa ga mahaifi abin girmamawa, gaisuwa da biyayya da neman albarka, safe da yamma, rani da damina. Baba ya kwantar da hankalinsa. Dabino bai taɓa yin 'ya'ya kamar bana ba. Rijiyoyi sun cika, gida lafiya, ba abin da ya ragu. Muna jin labarin hanyar komowa ta yi wuya, ga 'yan fashi, ga Nasara suna tsare mutane suna neman takarda, muna tsoro ƙwarai saboda Baba. Mutanen gari kullum suna cewa wa ya kai Abarshi sa'a, ya kusa ɗakin Allah. Malamai sun ce wanda ajali ya same shi a wannan hanya ya dace. Muna alfahari da Baba."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "To, me ye laifin wannan? Ai magana ce mai daɗi."

"Haka ni ma na ce," in ji Alhaji Fannami. "Shi ma ranar farko ya ji daɗi, har ya sayi shayi. Kashegari ya ce a sake karanta masa. Ya kai ta wajen malami na biyu, da na uku. Malamai goma sha ɗaya suka karanta masa takardar nan, yana cewa wataƙila malamin baya ya tsallake layi. Na ce masa, Abarshi, me kake nema? Ya ce, 'Ina neman inda ya ce in dawo.'"

Tsohon ya ci gaba, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya ce Baba ya yi masa.

"Ya ce, 'Dubi tsawon gaisuwar. Yaron nan bai taɓa gaishe ni fiye da kalma biyu ba, doguwar gaisuwa shimfiɗa ce. Ya ce dabino bai taɓa yin kamar bana ba, wato hannunsa ya fi nawa. Ya ce ba abin da ya ragu, alhali ni na ragu. Ya lissafa mini 'yan fashin hanyar gida, bai ambaci teku da ke gabana ba, wadda ta fi cin mutane. Ya sa mutanen gari a gaba, don in na juyo in ji kunyarsu. Ya sa malamai a gaba, don abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba ya fito ta bakinsu. Fannami, yaron nan ya zaɓa mini wurin mutuwa, ya kuma yi shi da ladabi.'"

Na ce, "Ƙarya ne! Baba ba ya doguwar magana haka."

"Da ba ya yi," in ji Fannami. "Takardarka ta koya masa. Shekara biyu da rabi yana juya ta. Da ya tashi ba da amsa, kwana uku ya yi yana jera kalmomi yana rushewa, yana gwadawa a kunnena. Ya ce zai yi maka magana da irin harshenka na dillalai, don shi ne kake ji."

Wani ya yi 'yar dariya a waje, aka ce masa ya yi shiru. Malam Isa ya ajiye takardata a ƙasa, ya goge hannunsa a riga. Wallahi na ga lokacin da ya goge.

Bulama bai ja magana ba. Ya ce mai abu yana raye, ya ba da abinsa da hankalinsa, ga shaida. Ya ce gobe da safe dattawa biyu za su raka Illa kwari, a zaga da shi iyaka, a damƙa masa. Dabino kuwa a lokacin ya fara ja, saura kwana ashirin a fara sara.

Illa ya matso kusa da ni. Ya ce, "Yaya, na bana naka ne, kai ka wahala. Ka sare, in ya so baɗi..."

"Ka riƙe sadakarka," na ce. "Ka hau da kanka, in ka san ta inda ake hawa. Kuma kada ka ƙara ce mini Yaya a gaban mutane." Har yau ban taka kwarin ba, ban kuma amsa sallamarsa ba, ko ranar idi.

Mutane suka watse, kowa yana kauce wa idona. Na tarar da Alhaji Fannami a bayan zaure yana kwance jakinsa. Ban so in yi masa magana ba, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Alhaji, sunan fa? Marubuci ne ya sa, ko?"

Ya ce, "Marubucin mutumin Katsina ne, ya san al'ada. Da ya ji, ya ɗaga alƙalami ya ce, 'Baba, ba ɗan farinka ba ne? In sa babban ɗana?' Abarshi ya ce, 'Rubuta yadda na faɗa.'"

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Sau biyar."

Na tsaya ina kallon igiyar da ke hannunsa. Na ce, "Yaya ya faɗe shi? Muryarsa ta yi rawa? Ya sunkuyar da kai?"

Tsohon ya ɗora buhunsa a kan jaki, ya ja igiya ya ɗaure, sannan ya juyo.

"A'a," in ji shi. "Sumul ya faɗa, yana kallon mutane. Kamar yadda ake kiran ɗan maƙwabci."